Farantin Jel, Haɗin Jelatin Ko Gilashi: Wanne Ya Dace Da Mai Buga Zane A Gida?

Farantin buga zane na farko da na haɗa da hannuna bai ga kwana na uku ba. Cikin watan Afrilu ne. Na narka jelatin, garin nan da ke sa ruwa ya daskare ya yi laushi kamar alawa, a ruwan zafi, na juye a tire, ya kwana a firji, da safe na same shi sumul kamar hantar sa. Na yi bugu kusan goma, raina fari tas, sai aka yi sallama da ni a waje. Na bar shi a kan tebur. Kafin in dawo bayan la'asar an ɗauke wuta, ɗakin ya zama tanderu, abin da na tarar kuwa ya fi kama da miyar kuɓewa. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wane faranti zai nema, sai na fara tambayarsa a wane gari yake, kuma wane irin zane yake so ya yi.

Ga wanda bai taɓa ganin aikin ba, ga yadda yake. Za ka shafa fenti siriri a kan wani abu mai santsi, ka yi zane a cikin fentin ko ka danna ganye, leshi ko raga a kai, sannan ka kifa takarda, ka shafa bayanta da tafin hannu, ka ɗaga. Abin da ya hau takardar shi ne bugunka, kuma guda ɗaya ne tak. Hatimi yana ba ka hoto iri ɗaya sau ɗari, wannan kuwa ko kai da ka yi shi ba za ka iya maimaita shi daidai ba. Turawa na ce masa monotayif, ni nakan ce bugun tilo. Wasu su rataye shi haka nan, wasu su bi kansa da biro, fensir mai launi ko gawayi, wasu su yayyanka shi su liƙa a wani aikin.

Abu uku ne mai aiki a gida zai zaɓa a tsakaninsu: farantin jel na kanti, wanda ake haɗawa a gida da jelatin, da kuma gilashi. Bambancin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne taushi. Takarda ba ta da santsin da ido ke nuna mata, tana da ƙananan ramuka da tuddai. In ka kifa ta a kan abu mai tauri, tuddan ne kawai ke taɓa fenti, sai ka matsa da ƙarfi kafin sauran su samu. Shi ya sa masu wannan sana'a ke sayen injin matsewa mai nauyi da tsada. Faranti mai taushi kuwa shi ke lotsawa ya bi takardar, ya shiga ramukanta, don haka tafin hannu ya wadatar. Taushin nan ne kuma ke sa jijiyoyin ganye su nutse a cikinsa su bar shatinsu ɗaya bayan ɗaya.

Na kanti

Kamfanin Gelli Arts na birnin Filadelfiya a Amurka ne ya fito da shi kasuwa a 2011. Mata biyu suka kafa shi, Joan Bess da Lou Ann Gleason, kuma abin da ya tunzura su shi ne irin matsalar da na fara da ita: farantin jelatin na gida yana lalacewa, ba ya ɗaukuwa zuwa aji ko wurin bita. Daga baya Gel Press da Speedball suka fito da nasu, yanzu kuma akwai marasa suna birjik a kasuwannin intanet. Duk da sunansa, babu jelatin a ciki ko kaɗan. Roba ce mai laushi da aka haɗa da mai irin wanda ake yin man jarirai da shi. Ba ya buƙatar firji, ba ya yin fumfuna, ba ya wari, kuma in an kula da shi yana yin shekaru.

Kularsa ba wuya, amma yana da 'yan ƙa'idoji da mutane ke koya bayan sun yi ɓarna. Yana tsatso mai a hankali, saboda haka in ka ajiye shi kai tsaye a kan teburin katako ko takarda zai bar tabo. A ɗora shi a kan tayil, gilashi ko tire mai santsi. Duk abin da ya daɗe a jikinsa yana barin shati: ledar da ta yamutse, kumfar iska, zare ɗaya da ya maƙale. Shi ya sa ake mayar da shi cikin kwalin robar da ya zo da shi, a kwance, ba a jingine ba. Abu mai tsini abokin gabarsa ne. Farce, bakin biro, tsinken sakace, duk wanda ya karce shi ya karce har abada, kuma layin zai riƙa fitowa a kowane bugu. Takardar wanke hoto mai sheƙi tana manne masa har ta ɓata fuskarsa. Kananzir, fetur da tina a nisanta su da shi. Wankinsa ruwa da sabulun wanke-wanke ne, ko tsumman goge jarirai, in fenti ya kafe kuma ɗigon man jarirai ko sanitaiza ya ɗaga shi. Zafin ɗaki ba ya narka shi, amma kada a manta shi a cikin mota da rana tsaka.

Aibinsa babba kuɗi ne. Da dala ake yi masa farashi, ga kuɗin kawowa, kuma ba abu ne da za ka shiga kowane shagon kayan rubutu ka tarar ba. Yawanci sai an yi oda ko an yi sautu. Marasa sunan sun fi sauƙi, amma sa'a ce: wani ya zo daidai, wani ya zo da tauri kamar tayar keke, wani kuma da maiƙo har fenti ya riƙa tattarewa ɗigo-ɗigo a kansa. Sabon faranti ma na asali yakan yi wannan tattarewar a bugun farko-farko, sai ya sha fenti sau da yawa kafin ya saba. Kada ka ɗauka jabu aka sayar maka tun a rana ta farko.

Na gida, da abin da ba a faɗa a bidiyo

Haɗin gida iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne ya kai ni ga miyar kuɓewa. Na farko jelatin da ruwa kawai. Yana da arha, yana ba da bugu mai laushi da ɗan danshi kamar fentin ruwa, amma ba ya rayuwa sai a firji, a can ma 'yan kwanaki ne zuwa mako biyu kafin ya fara tsagewa ko fumfuna ta hau shi. Na biyu ana maye rabin ruwan da gilisarin, wannan man mai yauƙi da mata ke saye a kemis su zuba a man shafawa lokacin hunturu. Gilisarin ba ya bushewa, yana riƙe danshi, don haka farantin ya fi jimiri, ya fi danƙo, kuma yana iya zama a waje ba tare da firji ba matuƙar ɗakin na da sanyi-sanyi.

Awon da aka fi yawan amfani da shi shi ne babban cokali 6 na garin jelatin marar ɗanɗano, wato kusan giram 50, da gilisarin kofi ɗaya da rabi, da tafasasshen ruwa kofi ɗaya da rabi. Kofin da ake nufi mai cin mililita 240 ne. A fara barbaɗa garin a cikin gilisarin, a juya a hankali har ya jiƙe babu gudaji, sannan a zuba ruwan zafin a ci gaba da juyawa. A hankali na ce, domin bugawa da ƙarfi kamar ana kaɗa ƙwai yana cika shi da kumfa, kowace kumfa kuma rami ce a fuskar farantin. A juye a tire mai lafiyayyen gindi, a ja siririn yankin jarida a saman don kwashe kumfar da ta taso, a bar shi a wurin da ƙasa ta daidaita. In wurin ya karkace, gefe ɗaya zai yi kauri ɗaya ya yi siriri. Wannan awon in aka zuba shi a tire mai faɗin santimita 20 kowane gefe, kaurinsa zai kusa santimita 2, wanda ya isa a ɗaga shi ba tare da ya yage ba. Bayan wasu awanni ya kama jikinsa, kwana ɗaya ya fi.

Abin da ya fi burge ni da shi: ba ya mutuwa gaba ɗaya. In ya karce, ya tsage ko yaro ya soka masa fensir, sai a wanke, a yayyanka, a saka a kwano, a ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke, a sake juyewa. Sabo ya dawo. Haka nan kai ke zaɓar siffa da girma. Murfin tukunya zai ba ka zagaye, tiren shayi zai ba ka wanda in a kanti ne sai ka yi tunani sau biyu kafin ka taya.

To amma ga zafi. Jelatin yana narkewa ne a wajen digiri 35 a ma'aunin Salshiyos, ƙasa da zafin jikin mutum, abin da ke sa alawar da aka yi da shi ta narke a baki ke nan. Masu koyar da haɗin nan a intanet yawancinsu suna zaune ne a ƙasashen da ɗaki ba ya kai haka. Mu kuwa a Kano, Sakkwato, Maiduguri, Yamai ko Damagaram, daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, kuma ɗaki mai rufin kwano ba ya da nisa da hakan. Gilisarin na taimakawa, farantin ba ya zama ruwa da sauri kamar na farko, amma yana yin laɓo-laɓo, ya yi danƙo, ya riƙe takarda har wani lokaci fatarsa ta biyo ta. Ko tafin hannunka in ya daɗe a wuri ɗaya yana barin alama. Mai firji da wuta tsayayya zai iya sanyaya shi kafin aiki ya mayar bayan ya gama. Wanda wutarsa sai an ga dama, to farantin gida na watannin sanyi ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina zafi na sauka, sai dai jelatin na jawo danshin iska ya yi gumi, fumfuna kuma ba ta nisa. A Jos ko kan tsaunin Mambila labarin daban ne, can zai yi maka kusan duk shekara.

Sai maganar da kowane Musulmi zai so ya ji tun kafin ya sayi gari. Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake samunsa, kuma kaso mai yawa na wanda ke kasuwar duniya daga fatar alade ne. Malamai sun yi saɓani kan hukuncinsa bayan an sarrafa shi ya sauya kama, amma ba sai ka shiga wannan saɓanin ba, tunda akwai na saniya da na kifi masu tambarin halal, kuma masu sayar da kayan haɗa kek sukan ajiye su. Ka karanta jikin leda. Wanda aka ɗura a farar leda babu rubutu, ka tambayi buhun da aka ɗebo shi. Gilisarin ma akwai na kitsen dabba akwai na tsiro, irin na manja, kuma yawanci ana rubutawa. Wannan aiki ne da hannu ke dama-dama da faranti na awanni, ga shi mutum zai tashi ya yi alwala, gara hankalinsa ya kwanta. Farantin kanti ba shi da wannan damuwar, tunda babu kayan dabba a cikinsa.

Wasu sukan koma ga aga-aga, garin da ake samu daga ciyawar teku. A takarda ya fi jelatin ta kowace fuska: na tsiro ne, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, don haka bazara ba ta dame shi ba. A hannu kuwa gautsi gare shi. Ba ya miƙewa, karyewa yake yi, yana kuma tsatso ruwa. Sai an tafasa shi sosai kafin ya narke, kuma gara a bar shi cikin tirensa a yi bugu a nan, kada a ce za a ɗaga. Don wasan rana ɗaya da yara ya yi, ban da haka ban ga abin yabo ba.

Gilashi, wanda aka raina

Kafin a san wani jel, a kan faranti mai tauri aka yi bugun tilo. Giovanni Benedetto Castiglione, mutumin Jenowa a Italiya, shi ake dangantawa da fara shi a shekarun 1640. Yakan shafe farantin tagulla da baƙar tawada, ya goge wuraren da yake so su yi haske, hoto ya fito daga cikin duhu. Edgar Degas na Faransa ya rungumi hanyar a shekarun 1870, kuma yana da wata ɗabi'a da masu gauraya kayan zane ke bi har yau: bayan bugun farko sai ya sake kifa wata takardar a kan ragowar tawadar, ya sami bugu mai dishi-dishi, ya bi kansa da allin launi. Paul Gauguin kuma ya yi ta wata hanyar, inda ake kifa takarda a kan tawada a yi zane a bayanta da fensir, layin ya fito a ɗaya fuskar da ɗan gashi-gashi mai kyau.

Duk waɗannan ana yin su a kan gilashi, kuma gilashi kusan kyauta ne. Ɓallen gilashin taga, na tsohon firem, ko guntun da mai yankan gilashi zai ba ka a kuɗi kaɗan. A nemi mai kauri, a sa ya goge bakin, ko a naɗe gefunan da salatif saboda yanka. Farar roba mai kama da gilashi ma ta yi, ta fi sauƙin ɗauka kuma ba ta fashewa, sai dai tana karcewa. Zafi bai dame shi ba, ƙura a goge, reza ta kankare busasshen fenti. Kana iya saka hoton da ka zana a ƙarƙashinsa ka bi layin da buroshi, abin da jel mai launin fenti a jiki ba ya ba ka da kyau. Tsinke, bakin cokali, farce, duk abin da aka hana ka a kan jel, nan halal ne.

Abin da zai karɓa a wurinka ƙarfi ne da haƙuri. Tafin hannu bai isa ba, sai ka bi bayan takardar da bayan cokali, lungu-lungu, kana ɗaga kusurwa kana leƙawa. Takarda siririya ta fi ɗauka, mai kauri kuma sai an ɗan jiƙa ta an tsane. Fentin akirilik, wato fentin nan da ake sirkawa da ruwa mai saurin bushewa, ba ya jituwa da shi, kafin ka gama zane ya bushe ya kama gilashin. Tawadar ɗab'i mai mai ko fentin mai su ne abokan tafiyarsa, domin suna ba ka lokaci mai tsawo. Wankinsu ba sai da kananzir ba: man gyaɗa ya narkar da tawadar, sabulu ya kwashe man. Ganye da leshi kuwa a kan gilashi sakamakonsu kame-kame ne, tunda babu inda za su nutse.

In aka jera su a kan aiki ɗaya

Ɗauki ganyen darbejiya, ko na zogale da ƙananan 'ya'yansa. Ka shafa fenti da rola, wato abin da ake gangarawa a baza fenti, ka jera ganyen, ka kifa takarda ka shafa. Bugun farko zai ba ka farin inuwar ganyen a cikin launi. Ka cire ganyen a hankali, ka kifa sabuwar takarda: wannan na biyun shi ne abin nema, kowace jijiya ta fito. A wannan aikin na kanti da na gida kusan kunnen doki suke, har ma sabon jelatin mai sanyi yakan fi fitar da ƙananan layuka. Gilashi na can baya. Haka abin yake da leshi, ragar buhun albasa, gindin kwalba, tabarmar roba, da sitensil, wato siffar da ka yanka daga tsohon fayil.

A wajen hawa-hawa ne na kanti ke tsere wa sauran. Ana shafa launi, a yi masa shati, a bar shi ya bushe a kan farantin. A ƙara wani, shi ma ya bushe. A ƙarshe a shafa fari ko wani launi mai haske siriri, a kifa takarda, a danne, a jira ta bushe tare da fentin, sannan a ɗaga. Duk hawan sai su taso lokaci guda, har da ɓurɓushin tsofaffin launukan da suka maƙale a gefe, wanda ke ba aikin kamannin tsohon bango. Roba mai mai ba ta riƙe busasshen akirilik, shi ya sa take sakinsa. Jelatin na gida yana yi, amma barin takarda ta daɗe a kansa kasada ce, musamman da zafi. Gilashi ba ya saki.

Ɗauko hoto daga mujalla ma haka ne. Ana shafa fenti mai duhu siriri ƙwarai, a kifa shafin mujalla mai sheƙi ko hoton da aka fitar da injin fotokwafi, a shafa sama-sama, a ɗaga da sauri. Farar takardar na tsotse fenti, inda tawada ta yi kauri kuma ta ƙi sha, sai hoton ya zauna a kan faranti, a ɗauke shi da launi mai haske kamar yadda na faɗa a sama. Firinta mai tawadar ruwa ba ta yi, sai mai garin tawada. Ko a kan na kanti sai an yi ta gwaji, wata mujallar ta yi wata ta ƙi. A kan na gida abin ya fi zama caca. In wannan ne ya ja hankalinka zuwa aikin, kada ka wahalar da kanka da tukunya. Wani abin lura: duk rubutun da ka yi da hannu a kan faranti zai fito a juye kamar a madubi, boko ne ko ajami. Wanda aka ɗauko daga takarda kuwa sau biyu yake juyawa, don haka yana dawowa daidai.

Zanen fuska, doki, kasuwa, duk abin da ke son layi da inuwa, na gilashi ne. A kan jel iyakarka tsinken auduga, yatsa, ko kwalin da ka yanka masa haƙora kamar matsefi.

Yadi fa? Auduga mai santsi da aka wanke tana ɗaukar bugu daga jel da kyau, in aka yi amfani da fentin yadi ko aka gauraya akirilik da ruwan da ake sayarwa don haka, sannan a bi bayansa da dutsen guga in ya bushe. Nan girman faranti ke da amfani, kuma nan ne haɗin gida ke da ranarsa. Ga malamar da ke da yara talatin a aji ma haka: ba mai saya wa kowane yaro na kanti, gilashi kuma haɗari ne a hannunsu. Babban tire ɗaya na jelatin da gilisarin, a yanka shi gida-gida, a yi darasin da safe cikin sanyi, abin da suka ɓata a narke.

Hunturu yana ba da hannun dama ya karɓe da hagu

Lokacin da farantin gida ya fi jin daɗi shi ne lokacin da fenti ya fi wahala. Busasshiyar iskar hunturu na busar da siririn akirilik kafin ka ajiye rola ka ɗauki takarda. Za ka kifa, ka ɗaga, ka ga takarda fara fat. Sababbin shiga sukan ɗora laifin a kan faranti, alhali iska ce. Maganinsa a yanka takardu a jera kusa tun kafin a buɗe fenti, a kashe fanka, a rufe taga, wanda kuma zai rage ƙurar da ke manne wa jel kamar ƙuda a kan zuma. Akwai ruwan jinkirta bushewa da ake ɗigawa a fenti, akwai akirilik mai jinkirin bushewa irin Golden OPEN, akwai kuma tawadar Akua da aka yi da man waken soya, wadda ba ta bushewa a kan faranti sai ta shiga takarda. Duk suna da tsada. A nan jelatin na gida na da ɗan fifiko, domin danshin jikinsa na ƙara wa fenti 'yan daƙiƙu. In kuwa hawa-hawa kake yi, hunturu abokinka ne, abin da wasu ke jira minti goma kai ka same shi nan take.

Fenti kaɗan ake sawa. Kuskuren kowa na farko shi ne yawa. In rola na santsi tana barin layi-layi, ya yi yawa, ka murza ragowar a kan tsohuwar jarida. Ka ajiye jaridar nan, sau da yawa ta fi abin da ka zauna bugawa kyau.

Girma, da abin da zan saya

Na kanti da inci ake auna shi. Mai 5 da 7, wato kusan santimita 13 da 18, ya dace da rabin takardar A4, ya bar farin gefe mai kyau. Mai 8 da 10, kusan santimita 20 da 25, yana cika faɗin A4 kusan baki da baki. Akwai 12 da 14, har 16 da 20, amma babban faranti na son babbar takarda, babbar rola, fenti mai yawa da hannu mai sauri, kuma a iskarmu gefe ɗaya zai bushe kafin ka gama shafa ɗayan. Rola ta roba mai laushi mai faɗin inci 4 ta isa ga ƙananan biyun. Ita kam ka saya ko da wane faranti ka zaɓa, domin rolar soso ta masu fentin gida tana shanye fenti ta bar ƙuraje. Takardar fotokwafi ta yau da kullum ta isa koyo. Mai son liƙe-liƙe ya nemi siririya irin wadda ake naɗe sabon takalmi da ita, tana ɓacewa cikin aikin in aka shafa mata gam.

Ni dai ga yadda nake raba su. Wanda ya iya zane, yake son fuska da inuwa, ya je wurin mai yankan gilashi gobe, ya kashe kuɗinsa a kan tawada mai kyau. Wanda ke son ganye, leshi da launi kan launi amma bai tabbata abin zai riƙe shi ba, ya jira sanyi ya shigo, ya haɗa na gilisarin a ƙaramin tire, ya yi wata guda yana bugu. In watan ya ƙare ɗakinsa ya cika da takardu har ana yi masa ƙorafi, to ya yi odar mai 8 da 10 kafin Maris, daga kamfanin da aka sani. Wanda ya riga ya san hawa-hawa da ɗauko hoto yake so, ko yake zaune inda zafi ba ya sauka kuma firji ba abin dogaro ba ne, ya tsallake tukunya ya tara kuɗin na kanti kai tsaye, ko da ƙaramin ne.

Nawa na kanti yana cikin kwalinsa a ƙasan akwati, ya yi dabbare-dabbare da launin da ba ya fita, yana kuma aiki kamar ranar farko. Tiren jelatin kuwa na wanke shi na kife a saman kabad, sai Nuwamba.